An ɗaura wa mai jego jini ta kama rawar sanyi, likita ya rubuta maleriya: wace lamba zan sa?

Rabi'atu, sashen rikod, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar manya nake nema. Akwai foldar wata mai jego a gabana da aka sallama makon jiya. Ta zubar da jini bayan haihuwa, aka nemo mata leda biyu. Ta farko ta shiga lafiya. Ta biyun, nas ta rubuta cewa minti 20 da ɗaurawa matar ta kama rawar sanyi, zafin jikinta ya tashi daga 36.8 zuwa 38.6, sai aka tsayar. Likita ya zo ya ba da farasitamol da allurar maleriya. A takardar sallama abu biyu kawai ya rubuta: zubar jini bayan haihuwa da maleriya. Babu sakamakon gwajin maleriya a foldar, babu kuma wata takarda daga lab kan ledar da aka cire. Oganmu ya ce in sa lambobin cuta na rajista, O72.1 ta zubar jini bayan haihuwa da B54 ta maleriya, in rufe. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, ina ganin akwai T80 a nan, wato lambar matsalar da ƙarin jini ko ƙarin ruwa ya jawo. Ina da hurumin sawa?

Nura, Amurka:
Wa alaikumus salam ƙanwata. A'a, ba ki da shi. Mai sa lamba ba ya gano cuta, abin da likita ya tabbatar da hannunsa shi ake juyawa zuwa lamba. Amma rufe foldar a haka ma ba daidai ba ne. Ki mayar masa da tambaya a rubuce, ba a baki ba: zazzaɓin da ya tashi ana cikin ƙarin jini, yana da alaƙa da jinin ko babu? Idan yana da ita, wane iri ne? Ya amsa, ya sa hannu da kwanan wata. Kada ki gaya masa amsar da kike so. Sannan ko maleriyar ce da gaske, mace mai jego ba a barin B54 ita kaɗai, O98.6, lambar irin wannan cuta ga mai ciki ko mai jego, ce ke gaba. Ki gaya wa oga haka cikin ladabi.

Malam Garba, lab, Idi-Araba:
Kafin ku nutse cikin lambobi, ni tambayata ɗaya ce: ina ledar take? Idan an jefa ta a kwandon shara, to duk lambar da za ki sa zato ne, 'yata. Ƙa'ida ita ce da zarar majinyaci ya canza, a tsayar da jinin, a cire robar gaba ɗaya, a sa sabuwa da ruwan gishiri don kada jijiya ta toshe. A sake duba sunan da ke jikin leda da na wanda ke kwance. A turo mana ledar da robarta, da sabon jini daga ɗaya hannun, da fitsarin farko. Mu kuma mu sake duba rukunin jinin majinyaci da na ledar, mu sake gwajin dacewa, mu yi gwajin Coombs da ke nuna ko garkuwar jiki ta kama ƙwayoyin jinin, mu dubi ruwan jinin ko ya yi ja. Idan zazzaɓin ya yi zafi ƙwarai a shuka jinin ledar a ga ko ƙwayoyin cuta sun shiga. Daga nan ne likita zai sami abin rubutawa, ke kuma ki sami abin sa wa lamba. Shekaru nake a wannan aiki, ledojin da suka dawo mini don bincike ba su taka kara sun karya ba, alhali na san ana tsayar da jini a sassan kwanciya kusan kullum.

Sista Binta, ɗakin haihuwa:
Baba Garba gaskiya kuka faɗa, amma ku tuna da dare nas ɗaya ce a kan gadaje masu yawa, lab ɗin wasu ƙananan asibitoci kuma ƙarfe shida ya rufe. Wa za ta miƙa wa ledar?

Malam Garba:
Ta ɗaure ta a wata ledar mai tsafta, ta rubuta suna da lokaci, ta kira mai jiran kira. Idan babu mai jiran kira a lab, wannan asibitin bai kamata ya ɗaura wa kowa jini da dare ba sai rai na hannun Allah.

Dakta Auwal:
Bari in ɗan kare abokin aikina, ko da ban san shi ba. Muna Legas ne, damina ce, mace ta haihu ta yi zazzaɓi da rawar sanyi. Tunanin maleriya ba hauka ba ne. Inda ya gaza shi ne bai gwada ba, kuma bai rubuta cewa abin ya faru ana cikin ƙarin jini ba. Ga masu tunanin ko jinin ne ya kawo mata maleriyar: ana iya ɗaukarta ta ƙarin jini, tabbas, amma ba a minti 20 take nunawa ba, sai bayan kwanaki ko makonni. Zazzaɓin da ya tashi da digiri ɗaya ko fiye, ya kai 38, ana cikin ɗaura jini ko jim kaɗan bayansa, jinin ake fara tuhuma har sai ya wanke kansa. Mafi yawan lokaci irin zazzaɓin nan ne mara haɗari, wanda fararen ƙwayoyin jinin mai bayarwa ke jawowa, farasitamol ya isa. Matsalar ita ce farkon mai kisan ma haka yake zuwa. Ba a raba su da ido.

Rabi'atu:
To Dakta a ce ya amsa mini cewa jinin ne. Littafin da muke amfani da shi na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, ICD-10. T80.3 rashin dacewar rukunin ABO ne, T80.4 na Rh, T80.5 sumewa mai tsanani saboda ruwan jini, T80.6 su borin jini, T80.2 idan cuta ta shiga ta hanyar. Zazzaɓi kawai fa? Ban ga gidansa ba.

Nura:
Shi ya sa T80.8 da T80.9 suke cika. Idan likita ya faɗi irin matsalar amma ba ta da lambar kanta, T80.8. Idan cewa kawai ya yi jiki ya ƙi jini bai fayyace ba, T80.9. Mu nan tun 1 ga Oktoba 2015 muke kan ICD-10-CM, samfurin Amurka na littafin, an faɗaɗa shi sosai. Zazzaɓin da Dakta ya ce yana da R50.84. Raunin huhu bayan ƙarin jini, TRALI, yana da J95.84. Idan jini ya yi wa zuciya yawa ruwa ya taru a huhu, TACO, E87.71. Rashin dacewar ABO ma an raba wanda ya fasa ƙwayoyin jini nan take, T80.310, da wanda ya yi jinkiri, T80.311. Amma gargaɗi: kada ku kwafo waɗannan daga intanet ku zuba a rajistar da aka gina kan na Hukumar Lafiya ta Duniya. Na sha ganin 'yan gida suna haka, sai lambar ta ƙi shiga kwamfuta ko ta shiga da wata ma'ana.

Malam Garba:
Nura, ku can kuɗin inshora ne ya sa kuka yanyanka lambobin nan, ba tausayin majinyaci ba.

Nura:
Ban musa ba Baba. Amma ko don kuɗi aka yi, yau asibiti zai iya danna kwamfuta ya ga mutum nawa jini ya yi wa yawa a bara, a wane sashe, a hannun wa. Idan ya ga tsofaffi ne da masu ciwon zuciya, sai ya sa dokar leda ɗaya a hankali, a sake aunawa kafin ta biyu. A gida duk waɗannan suna kwance a ƙarƙashin maleriya da ciwon zuciya, kowa na cewa ƙarin jini a asibitinmu lafiya lau.

Dakta Auwal:
Akwai abin da kuke zagayewa. T80 ba ita ke tsorata likita ba, lambar da ke bin bayanta ce. Idan jinin daidai ne, an bi ƙa'ida, jiki ne kawai ya ƙi, ana iya rakiyarta da Y44.6, ba laifin kowa. Amma Y65.0 ma'anarta an sa wa mutum jinin da ba nasa ba. Y63.0, an zuba masa fiye da kima. Y64.0, abin da aka sa masa gurɓatacce ne. Wanda ya rubuta abin da zai kai ga Y65.0 ya san dangi za su zo, wataƙila da lauya ko ɗan sanda, mai asibiti kuma kafin la'asar ya sallami nas mafi ƙanƙanta ya ce an ɗauki mataki. A irin wannan yanayi kuke so mutum ya rubuta gaskiya da biro? Ba ina halatta ɓoyewa ba ne, ina gaya muku dalilin da ya sa foldoji suke zuwa wa Rabi'atu babu komai.

Sista Binta:
Allah ya saka da alheri Dakta. Kullum a kanmu take ƙarewa. Alhali kuskuren sau da yawa tun wajen ɗibar jinin gwaji ya faru: an ɗebi na mutum biyu, an sa a aljihu, sai an koma tebur ake rubuta suna a kwalba. Lab zai yi aikinsa daidai a kan jinin da ba na mai shi ba.
Kuma akwai abin da ya shafe mu mu 'yan Arewa musamman. A sashe ɗaya za ka iya samun A'isha Muhammad biyu, ɗaya daga Mile 12 ɗaya daga Ijora. Mai buɗe kati ya rubuta ɗaya Aishat Mohammed, gobe wani ya rubuta Aisha Muhammed, ita kuma a gida Maman wane ake ce mata. Wata ba ta jin Turanci ba ta jin Yarbanci, duk abin da aka tambaye ta kai take gyaɗawa. Wata ma saboda kunya ba za ta ambaci sunan mijinta ba, shi ne kuma aka sa mata a kati. Ni na daina cewa "ke ce A'isha?" Cewa nake "gaya mini sunanki da na mahaifinki", sannan in haɗa da lambar asibiti da ke kan kati da ta kan leda, mu biyu a bakin gado. Idan abokan aikina Yarbawa suka sami wadda ba ta jin yarensu suna kirana, don alamun farko a baki suke: bayana na ciwo, ƙirjina ya ɗaure, hannun nan yana mini zafi, ji nake kamar zan mutu. Idan babu mai jin abin da take faɗa, sai fitsari ya koma kalar Coke za a farga.

Malam Garba:
Ƙara da wannan: ranar da aka gano an ba wa A'isha ta farko jinin ta biyu, a ruga a nemo ɗaya ledar, don tana kan hanyar zuwa hannun ɗayar. Kuma ba sai leda ta ƙare ba, 'yan mililita kaɗan na jinin A a jikin mai O sun isa su fasa ƙwayoyin jini, su tsayar da ƙoda, jini ya ƙi daskarewa. Shi ya sa minti 15 na farko ba a barin bakin gado. Tun 1901 Karl Landsteiner ya gano rukunonin nan, ilimin ba sabo ba ne. Biro da kwalba ne ke kashe mutane.

Alhaji Ɗanlami, Alaba Rago:
Salamu alaikum. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, yarana ne suka sa ni a nan saboda mu ke tara matasa daga masallaci idan ɗan uwa na neman jini. Ina karantawa, rabin lambobin nan ban gane ba. Abin da nake so in sani: idan muka kawo ɗan'uwan mara lafiya uwa ɗaya uba ɗaya, ko mijin matar, ai an huta da duk wannan ko?

Dakta Auwal:
Ranku ya daɗe Alhaji, Allah ya ba da lada. Amma a'a. 'Yan uwa ciki ɗaya suna iya bambanta rukuni. Jinin dangi na kusa ma yana da nasa haɗarin, ba ya yawan faruwa amma idan ya faru da wuya a tsira: fararen ƙwayoyin mai bayarwa su zauna a jikin majinyaci su yaƙe shi. Matar da ke sa ran sake haihuwa kuwa an fi so kada a sa mata jinin mijinta, don jikinta na iya ƙera garkuwa a kan jininsa, ta zo ta cutar da jaririn da ya gado shi a ciki na gaba. Ku ci gaba da kawo matasan, a ɗiba a ajiye a ma'ajiya, a tantance shi daga ƙanjamau, ciwon hanta B da C da tunjere, a ba mara lafiya wanda ya dace da shi. A nan jihar akwai hukumar kula da ƙarin jini ta Legas, a tarayya kuma an yi dokar hukumar jini ta ƙasa a 2021. Ku riƙa tambaya ko ledar ta bi ta tantancewa.

Alhaji Ɗanlami:
To madalla. Na ƙaru.

Maman Sadiƙ, Mile 12:
Ku yi haƙuri in sa baki, uwa ce ni ba ma'aikaciya ba. Ɗana mai sikila ne, an sha ƙara masa jini. Bara aka ƙara masa a wani asibiti, muka dawo gida lafiya har yana wasa. Bayan kamar mako sai ciwon ƙashi ya taso, ido ya yi shawara, fitsari ya yi duhu. Muka je wani asibitin da ya fi kusa, suka ce ciwonsa ne ya tashi, jininsa ya yi ƙasa, a nemo leda. Har mun fara kiran 'yan uwa sai wata likita ta tambaye ni yaushe rabon a sa masa jini. Da na faɗa ta dubi sakamakon ta ce jininsa ya faɗi ƙasa da yadda yake kafin a ƙara masa, ta hana a ɗaura sai likitan jini ya gani. Ashe jikinsa ne ke farfasa jinin da aka sa masa. Da muka karɓi takardar sallama, ciwon sikila kawai aka rubuta. Yanzu duk inda muka je ni ce ke ba da labari da baki, wani ya saurara wani ya ce Madam mun san aikinmu.

Malam Garba:
Hajiya, wannan likitar Allah ya yi mata albarka. Ga wanda ya ce lamba aikin ofis ce kawai, ya karanta wannan sau biyu. Mai sikila da ake yawan ƙara wa jini, jikinsa na ƙera garkuwa a kan ƙananan rukunonin da ba ABO ba, irin su C da E na gidan Rh, da Kell, da Kidd, da Duffy. Abin tsoron shi ne bayan watanni garkuwar tana lafawa har gwaji ya kasa ganinta. Ni a lab zan haɗa jininsa da leda in ga sun dace sarai, in sa hannu. A ɗaura, bayan kwanaki ta farka ta fara aiki. Babu na'urar da za ta gaya mini abin da ya faru bara. Abin da aka rubuta ne kaɗai zai gaya mini. Kuma a wasu masu sikila ƙara jini a wannan hali yana ƙara rura abin, har nasu jinin ya shiga fashewa.

Rabi'atu:
Kenan a rajista D57.0 kawai aka sa masa, aka lissafa shi cikin masu tashin sikila na wata.

Nura:
Haka ne. Kuma idan an ce a ƙasar da ake haifar jarirai masu sikila kusan 150,000 a shekara ba a ganin irin wannan a alƙaluma, ba wai ba ya faruwa ba ne.

Dakta Auwal:
Na yarda da ku a kan Sadiƙ. Inda har yanzu nake da ja shi ne a ɗora wa lamba nauyin da ba nata ba. Lamba bayan sallama ake sa ta, wani lokaci bayan makonni. Abin da ke ceton rai fom ɗin rahoto ne da ake cikewa a ranar, ya je lab, ya je kwamitin ƙarin jini na asibiti. Birtaniya ta kafa SHOT, tsarin tattara rahoton illolin ƙarin jini, a 1996, ana kai rahoto a asirce, ba a neman wanda za a kora, ana neman inda hanya ta karkace. Daga rahotannin ne suka gane cewa ba wa mutum jinin da ba shi aka nufa ba yana cikin manyan matsalolinsu, kuma suka koma amfani da ruwan jinin maza don rage TRALI. Faransa ma bayan badaƙalar gurɓataccen jini ta sa kai rahoto ya zama doka. Idan ba mu raba rahoto da hukunci ba, ko ICD-11, sabon bugun littafin lambobin, muka ɗauko gobe foldar za ta zo wayam.

Nura:
ICD-11 ɗin ma da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki Janairun 2022, an tsara shi ne a haɗa abu uku: cutarwar da ta faru, abin da ya jawo ta, da yadda aka yi ta faru. Amma ban ce lamba ta maye gurbin fom ba Dakta. Cewa nake su duba juna. Ƙarshen wata rikod su ƙirga T80, lab su ƙirga ledojin da suka dawo, nas su ƙirga jinin da aka tsayar. Idan nas sun ce goma, lab biyu, rikod sifili, an san inda za a fara tambaya, ba tare da an kira sunan kowa ba.

Sista Binta:
Wannan zan iya kai wa matron ɗinmu. Da sharaɗin littafin ba zai koma na farautar nas ba.

Rabi'atu:
Na kai tambayar a rubuce. Da farko likitan ya ce me ya haɗa rikod da aikin likita, daga baya ya karɓa ya ƙara a folda cewa zazzaɓi ne da ake kyautata zaton ƙarin jini ya jawo, ba a yi bincike ba, maleriya ba a tabbatar ba. Ledar an zubar tun daren. Oga ya ce T80.9, ni na ce tunda ya ambaci zazzaɓi T80.8 ce. Mun bar ta sai Litinin.

Nura:
Ina bayanki, amma ki duba ƙa'idar asibitinku kan abin da aka rubuta da "ana zato", ba ko'ina ake ɗaukarsa ɗaya ba. Kuma a kira matar a gaya mata, za ta sake haihuwa.

Maman Sadiƙ:
Baba Garba, ni me zan nema a rubuta mini in riƙa yawo da shi?

Malam Garba:
Ki koma wajen likitan jinin da ya gan shi, Hajiya. Ya ba ki takarda mai hatimi da ta ƙunshi rukunin jinin yaron, ranar da aka ƙara masa, ranar da abin ya taso, sunan garkuwar idan an gano ta, da cewa kada a ɗaura masa jini sai an tuntuɓi likitan jini. Idan ba a taɓa yi masa faɗaɗɗen gwajin rukuni ba, ki tambaya a manyan asibitocin koyarwa, a nan Idi-Araba ko Ikeja. Ki ɗauki hoton takardar a waya, ki ba mahaifinsa kwafi, ɗaya kuma a makarantarsu. Idan kun je asibiti kada ki tsaya a kan nas da likita kawai, ki ce a nuna wa mutanen lab kafin su fara haɗa jini.